Zaɓen Tsirran Ruwa Don Tafkin Lambu

Manoma da dama a yau suna haƙa ɗan tafki a cikin lambu ko a bayan gida domin tara ruwan ban-ruwa, da kiwon karfasa ko tarwaɗa, da kuma ƙawata muhalli. Galibi hankali yakan tafi ga zurfin tafkin da irin kifin da za a zuba, a manta da tsirran da za su zauna a cikinsa. Alhali kuwa tsiron da aka zaɓa yana iya gyara ruwan, yana kuma iya kashe tafkin cikin damina ɗaya.

Amfanin tsirran ruwa

Tsirran ruwa suna yi wa kifi inuwa lokacin bazara, suna ba ƙananan kifaye maɓoya daga tsuntsaye. Saiwoyinsu suna tsotse ragowar abinci da kashin kifi, wanda idan ya taru yake haifar da gansakuka. Da rana, ganyen da ke cikin ruwa yana fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Da dare kuma tsirran su ma shaƙar iskar suke yi. Wannan ne ya sa idan sun yi yawa ake ganin kifi da asuba ya taso sama yana buɗe baki. Saboda haka, a tafkin da ake kiwon kifi, kada tsirrai su rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan.

Waɗanda suka dace

1. Bado. Shi ne ya fi cancanta da tsakiyar tafki. Saiwarsa na cikin laka, faffaɗan ganyensa na shimfiɗe a saman ruwa, ga fure mai ban sha'awa. Yana son ruwa mara gudu, da rana sosai, da zurfin da ya kama daga rabin mita zuwa mita ɗaya. A dasa shi a cikin tsohon bokiti ko kwando da aka cika da ƙasar laka, a rufe samanta da tsakuwa, sannan a nutsar. Yin haka na hana shi mamaye tafkin, kuma tarwaɗa ba za ta tone shi ba.

2. Azola. Wani ɗan ƙaramin tsiro ne mai yawo a saman ruwa. Idan aka busar da shi, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa furotin ne, don haka abinci ne ga karfasa da agwagi da kaji. Yana iya ninka kansa cikin kwana 3 zuwa 5, saboda haka a killace shi a cikin zagayen gora a kusurwa ɗaya, ana kwasa kowane mako.

3. Gwaza da kajiji. Waɗannan na gefen tafki ne, inda ƙasa ke da danshi koyaushe. Gwaza abinci ne, saiwar kajiji kuma tana da kasuwa wurin masu turaren wuta.

4. Jema. A jera ta a kan ganuwar tafki. Saiwarta mai zurfi tana riƙe ƙasa, ta hana zaizaya lokacin ruwan sama.

Waɗanda za a guje wa

Bahaushe na cewa kainuwa dashen Allah, domin ba sai an dasa ta take yaɗuwa ba. Nan kuwa haɗarinta yake. Idan aka sake mata, sai ta rufe ruwa ruf, ta tare hasken rana. Akwai kuma wani nau'in sauro da 'ya'yansa ke maƙale wa saiwarta suna numfashi ta cikinta.

Wadda ta fi ta illa ita ce baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren kara. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta ɗaukar ta zuwa ƙasashe. Ta shigo ruwayen Legas a shekarar 1984 ta ɓangaren Badagiri, bayan 'yan shekaru kuma ta bayyana a tafkin Kainji ta hanyar kogin Neja, ta hana jiragen ruwa wucewa, ta lalata komar masunta. Tana ninka kanta cikin kamar mako biyu, ƙwayar irinta kuma tana daɗewa a laka shekaru da yawa ba ta mutu ba.

Ta uku ita ce kachala. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar jan-baki, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yanayin gudun ruwan. Tsiron da ya gagari fadama guda, ƙaramin tafki ba zai iya da shi ba. Haka nan a kawar da duman rafi daga gefen ruwa, domin yana yi wa awaki da tumaki lahani idan suka ci.

Kafin a dasa

Duk tsiron da aka ɗebo daga rafi ko kududdufi a wanke shi sosai, a ajiye shi a cikin wani baho na daban har mako biyu, ana dubawa. Dalili shi ne ƙananan dodon-koɗi da ƙwansu sukan maƙale a bayan ganye, kuma wasunsu ne ke ɗauke da cutar tsargiya. Kada a fesa maganin ciyawa a cikin tafkin da ke da kifi. A cire da hannu ko da manjagara. Abin da aka kwashe a shanya shi ya bushe, a zuba a ramin takin gargajiya. Kada a jefa shi cikin magudanar ruwa ko kogi, domin daga nan ne annobar ke somawa.

Manomin da ya ga baƙon tsiro a tafkinsa ya gaggauta kai samfurinsa ga malamin gona na yankinsa tun bai yaɗu ba.