CIWON SUGA DA ƘAFAR DA TA DAINA JIN ZAFI



Kwanakin baya wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa a nan Kakuri, ya zo neman maganin gyambo a tafin ƙafa. Da na sa hannu cikin takalminsa, sai na taɓo ƙusa ta ɓullo. Kwana nawa yana taka ta? Wallahi bai sani ba.

Haka suga yake yi in ya daɗe a jiki. Yana cinye jijiyoyin ƙafa, a fara da jin kamar tafiyar kiyashi ko zafin barkono da dare, daga baya ƙafar ta yi dundum. Nauyin jiki kuwa wuri ƙalilan yake taruwa: ƙarƙashin babban yatsa, gindin yatsu, da diddige. Mai lafiya in wurin ya dame shi zai sauya taku. Wanda jijiyarsa ta mutu ci gaba zai yi da dannawa, fata ta yi kanta, ƙarƙashin kantar ya fashe ya zama miki.

Ni mai sayar da zuma da habbatus sauda ne, amma gaskiya ɗaya ce: mikin da ake takawa kullum ba ya warkewa, ko me aka shafa masa. Sai an ɗauke masa nauyi.

A nan shimfiɗar cikin takalmi take aiki. Ba soson da ake saya a kasuwa nake nufi ba. Ana auna tafin ƙafarka a yi maka taka daidai da siffarta, a tausasa inda ake dannawa, nauyin ya bazu ko'ina. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen da ke irin wannan aiki. Ka fara da ganin likita a kusa, kamar Asibitin Gwamna Awan, a gwada jin ƙafar, a tura ka inda ya dace. Takalmin ya zama mai faɗi, rufaffe, mai zurfin da zai ɗauki shimfiɗar. Silifas mai igiya tsakanin yatsu a haƙura da shi. Sabo kuma a fara da awa 1 ko 2, a cire a duba.

Mu alwala ta yi mana gata, sau biyar muna riƙe ƙafarmu. To ka duba ta, ka tsane tsakanin yatsu, ka zazzage takalmi kafin ka sa a ƙofar masallaci. Kada ka taka simintin harabar masallaci da azahar ba takalmi, haka alhazai a Makka da Madina. Kada a sa reza a kanta, kada a ba masu yankan farce na yawo ƙafar. Uwargida, lokacin hunturu ki taɓa ruwan da hannunki kafin maigida ya zuba.

In akwai bandeji, shari'a ta yarda a shafa a kansa. In ka ga ja, kumburi, wari ko baƙi, asibiti a ranar, ba wurina ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa mai suga.