Daga Dantata zuwa OPay: yadda ƙaramin kamfani ke girma da ƙarfin wasu

A yau manomi a Minjibir ko Kunya zai sayar da buhun gero, kuɗin su shigo wayarsa, ya je wurin mai POS ya cire abin cefane, ba sai ya shiga mota zuwa Kano ba. Kamfanonin da suka kawo wannan sauƙi sun bi hanyoyi biyu: sayen wani kamfani da kuma haɗin gwiwa.

Mu fara da OPay. Kafin ka riƙe kuɗin jama'a sai da lasisin Babban Bankin Najeriya, samunsa kuwa yana cin lokaci. Sai Opera, mai manhajar Opera Mini, ya sayi kamfanin Paycom wanda tuni yake da lasisin, aka ƙaddamar da OPay a 2018. Wato ya sayi lokaci da kuɗi.

Moniepoint kuwa ya fara ne a 2015 da sunan TeamApt, yana rubuta wa bankuna manhaja. Daga baya ya koma hulɗa da masu shaguna da rumfuna: shi ya ba da na'ura, su kuma su kawo kwastomomin da suka yarda da su. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, waɗannan wakilai ne mutane suka yi ta rububi a kansu. A Oktoban 2024 kamfanin ya samu jarin dala miliyan 110, har da Google cikin masu zubawa.

Wani lokacin kuma ƙaramin ake saya. A 2020 Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas kan sama da dala miliyan 200, aka bar shi da sunansa.

Kanawa sun daɗe da sanin wannan dabara. Wajen 1918 Alhassan Dantata ya fara sayen gyaɗa wa kamfanin Turawa na Niger Company. Su ke da kasuwar waje, shi ke da wakilai a ƙauyuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, idan kana da tunanin manhajar da za ta haɗa manoman rani na Wasai da 'yan kasuwar Yankaba, ba dole ne ka gina komai da kanka ba. Karɓar kuɗi akwai Paystack, sufuri akwai direbobin tasha, amana tana wurin dillalai da ƙungiyoyin manoma. Abin da kake da shi wanda kamfanin Legas ba shi da shi, shi ne sanin mutanen.

Amma a yi hattara. Ka yi rajista da hukumar CAC, a rubuta yarjejeniya, lauya ya duba. A fayyace kason kowa, da wanda ke da mallakin bayanan kwastomomi, da yadda za a rabu idan tafiya ta ƙi. Wanda ya miƙa lambobin manomansa ba tare da takarda ba, ranar da babban ya daina buƙatarsa zai tashi hannu rabbana.