Bigfoot: tarihin gasar dodon motar da aka zana a kwamfuta

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin matasa, daga Maruta zuwa Gwaram da Birnin Kudu: mota mai tayoyi kamar na tarakta ta taho a guje, ta hau kan jerin ƙananan motoci ta murƙushe su, ko ta tashi sama ta dira ba abin da ya same ta. Tunda yanzu ƙirƙirarriyar basira tana haɗa kowane irin bidiyo, wasu na ɗauka wannan ma haɗi ne. To, motocin na gaske ne. Amurkawa suna kiransu monster truck, wato dodon mota, kuma suna da gasarsu da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu. Wadda ake ɗauka a matsayin uwarsu ita ce Bigfoot. Tarihinta ya nuna cewa girman taya ya jawo 'yan kallo, amma lissafin injiniya ne ya ciyo kofi.

Daga tallar shago zuwa filin wasa

Mai motar, Bob Chandler, ɗan kwangilar gini ne a yankin St. Louis da ke jihar Missouri a Amurka. Ya sayi a-kori-kura ƙirar Ford F-250 ta 1974, yana shiga daji da taɓo da ita. Kullum sai ya karya wani abu, kayan gyara kuma suna wuyar samu a yankin. A 1975 sai ya buɗe shagon kayan motoci masu ja da taya huɗu tare da matarsa Marilyn da abokinsa Jim Kramer. Motar ta zama allon tallar shagon: duk lokacin da wani ƙarfe ya karye, sai a sa wanda ya fi shi ƙarfi, tayoyin kuma suna ta ƙara girma. Sunan Bigfoot, wato babbar ƙafa, laƙabi ne da aka yi wa Chandler saboda yadda yake danna totur.

A 1981 ya hau kan wasu tsofaffin motoci biyu a wata gona, aka ɗauka a kaset ɗin bidiyo, yana nunawa a shagonsa. Wani mai shirya wasannin motoci ya gani, ya roƙe shi ya maimaita a gaban jama'a. Daga nan kasuwa ta buɗe. Bigfoot ta biyu, wadda aka ƙera a 1982, ta zo da tayoyi masu tsayin inci 66, wato kusan mita 1.7, tsayin namiji matsakaici. Asalin tayoyin na injinan gona ne, irin masu watsa taki, an yi su da faɗi don kada su nutse a ƙasa mai laushi. Duk wanda ya ga tarakta ta kafe a fadama da damina zai gane hikimar. Har yau inci 66 ne ma'aunin tayar dodon mota.

A 1983 kamfanin Ford ya fara ɗaukar nauyin Bigfoot, alaƙar da ta haura shekara 20. Ford yana samun talla a gaban dubban 'yan kallo, Chandler kuma yana samun abin ƙera sababbin motoci. Shi ya sa Bigfoot ba mota ɗaya ba ce, jerin motoci ne masu lamba, kamar yadda kamfanin waya ke fitar da sabon samfuri bayan tsoho. Ta 5, wadda aka yi a 1986, tayoyinta ƙafa 10 ne, an samo su daga wata doguwar motar jigilar sojojin Amurka da aka yi don ƙanƙarar Alaska.

Shan kaye a 1988

Da masu kwaikwayo suka yi yawa, murƙushe motoci kawai ya daina burge mutane, sai aka koma tsere. A 1988 kamfanin TNT Motorsports ya shirya gasar tara maki ta shekara guda, ana nuna ta a talabijin. Bigfoot ta 4, wadda Rich Hooser ke tuƙawa, ta yi ta fafatawa da wata mota ƙirar Chevrolet mai suna USA-1. A ƙarshe USA-1 ce ta ɗauke kambun, direbanta Rod Litzau, Bigfoot ta zo ta biyu. Ga motar da Ford ke kashe wa kuɗi, faɗuwa a hannun Chevrolet ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar motocin wancan lokaci ita ce nauyi da tauri. An gina su a kan shasin manyan motoci, da sifirin na falle-falle irin na gingimari, wanda ba ya lanƙwasa sosai. Idan mota ta tashi ta dira, sai ta yi ta tsalle kamar ƙwallo, dole direba ya saki totur kafin ta daidaita. A tseren da ba ya wuce 'yan daƙiƙu, wannan ɗan jinkirin ya isa a sha kaye.

Inda kwamfuta ta shigo

Chandler ya zauna da manhajar zane ta AutoCAD, ya zana Bigfoot ta 8 tare da Dan Patrick, aka kammala ta a 1989. An yar da tsohon shasi, aka haɗa ƙwarangwal na bututun ƙarfe mai sauƙin nauyi. An maye gurbin sifirin da shokazoba masu iskar naitirojin, waɗanda ke ba taya damar hawa da sauka mai nisa, don haka motar tana shanye dirar maimakon ta mayar da ita. Jikin kuma na faiba ne, siffar a-kori-kura kawai aka bari. Amfanin kwamfutar shi ne ana iya gwada tsayin kowane bututu da kusurwarsa a allo kafin a kunna injin walda.

Tazarar da ta ba sauran ta yi yawa har TNT ya dakatar da ita na wani lokaci a gasar 1990, bisa hujjar cewa ta yi wa abokan karawarta nisa. Tsohuwar Bigfoot ta 4 ta maye gurbinta tana ci gaba da tara maki, da aka ɗage takunkumin direbanta Andy Brass ya dawo da ta 8, kuma shi ya ci gasar shekarar. Cikin 'yan shekaru kusan kowa ya koma irin wannan ƙira. Dodon mota na yau yana da nauyin kusan tan 5 da rabi, injinsa na ƙarfin doki kimanin 1,500, kuma man metanol yake sha.

Wata fasahar da ta fito daga wannan gida ita ce na'urar kashe inji daga nesa. Jami'i yana tsaye a gefen fili da rimot, idan mota ta ƙwace ta nufi 'yan kallo sai ya danna, injin ya mutu nan take. Chandler na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tsaron wannan wasa a 1987, kuma na'urar ta zama wajibi a manyan gasanni.

Rigimar mallakar bidiyo

Mai bibiyar Monster Jam, gasar da ta fi kowace suna a yau, zai lura cewa babu Bigfoot a cikinta. Tun 1998 ta janye daga wasannin masu shirya gasar, saboda saɓani kan haƙƙin amfani da hotuna da bidiyon motar, kuma ba ta koma ba. Ga Chandler wannan haƙƙi jari ne, domin sunan Bigfoot yana kawo kuɗi ta kayan wasan yara da wasannin kwamfuta irin su Monster Truck Madness da Microsoft ya fitar a 1996. Ya zaɓi ya rasa babban dandali ya riƙe mallakarsa. Wannan tambayar ce ke jiran duk matashin da ke tara mabiya a TikTok ko YouTube ranar da kamfani zai zo masa da takardar talla: bayan an biya, bidiyon na wa ne, kuma har zuwa yaushe?

Janyewar ba ta kashe Bigfoot ba. Ta ci gaba da shiga wasu gasanni, ta kuma koma kafa tarihi. A 1999, a garin Smyrna na jihar Tennessee, Dan Runte ya tsallake jirgin sama ƙirar Boeing 727 da Bigfoot ta 14, nisan ƙafa 202, kusan mita 62. A 2012 ya ƙara a kan haka da ta 18 a Indianapolis, ƙafa 214 da inci 8, wato ya haura rabin tsawon filin ƙwallo. A shekarar ce kuma aka fito da ta 20, mai aiki da lantarki zalla, da batura 36 na kamfanin Odyssey, ƙarfinta doki 350. Ba ta kai masu metanol gudu ba, amma tana murƙushe mota ba tare da rurin inji ba.

Bayan rabuwa da Ford, sunayen wasu kamfanoni irin su Firestone da Summit Racing sun ci gaba da bayyana a jikin motar. Tun 2019 Bigfoot tana cikin wasan Hot Wheels Monster Trucks Live da ke zagaya ƙasashe, kuma iyalan Chandler ne ke riƙe da kamfanin a garin Pacific na jihar Missouri.