Wa Ya Zana Fulawar Kafet Ɗin Amarya?

'Yar'uwa, ranar jere da an shimfiɗa kafet a ɗakin amarya sai ki ji ƙawaye na cewa, "Kai, wannan fulawa ta yi!" Amma ba mai tambayar wa ya zana ta. To, mutum ne. Ko da yake yau kwamfuta ta shigo, asalin sana'ar takarda ce da buroshi da fentin ruwa, ɗan'uwan wanda ake saya wa 'yan firamare.

A ƙasar Iran, a garuruwa irin su Isfahan da Kashan da Tabriz, mai zanen darduma kan yi aikinsa a takarda mai ƙananan gidaje kamar ta lissafi. Kowane gida ƙulli ɗaya ne na zare. Zai zana reshe da ganye da fure, ya cike su da launi, sannan masaƙa su kafa takardar a gabansu suna bi gida-gida. Sau da yawa ma rubu'i kawai yake zanawa, tunda sauran kusurwoyi ukun maimaici ne.

Kada ki ce abin na nesa ne. Nan Kakuri, ƙetaren gada, aka buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960. Ba kafet suka yi ba, yadi ne da atamfa, amma furen atamfa shi ma daga takarda yake farawa kafin ya hau injin bugu. KTL ta rufe a 2002, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Yanzu yawancin fulawar da ke jikinmu da tsakar ɗakinmu daga waje aka zano ta.

Alhali hannun muna da shi. Dubi mai zanen lalle, yadda take jan reshe daga yatsa har gwiwar hannu ba ta goge ko ɗaya ba! Ni dai ba na jin daɗin faɗan da ake wa yarinya don ta cika bayan littafinta da furanni. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ana koyar da zanen yadi har a ba da digiri.

In za ki gwada, ninke takarda gida huɗu, ki zana ɗaya da fensir, ki kwafa a sauran. Fara da launi mai haske, ki bari ya bushe kafin ki ɗora mai duhu. Kuma ki rage ruwa a buroshi, in ba haka ba takardar za ta lanƙwashe.