Idan Hankalin Dattijo Ya Fara Rauni, Wa Zai Yanke Hukunci a Kan Dukiyarsa?

A kasuwannin Garwa, Pitowa da Adumri, akasarin dukiya a hannun dattawa take: rumfa, garken shanu, gida, da bashin da ake bin abokan ciniki a Yola ko Mubi, wanda sau da yawa ba a rubuce yake ba. Ranar da maigida ya fara rikita lissafi, ko ya sayar da kaya ƙasa da kuɗin sari, sai kan iyali ya rabu. Wasu su ce gigin tsufa ne, a karɓe makulli. Wasu su ce lafiyarsa ƙalau, a ƙyale shi. Kowane ɓangare na iya zaluntarsa, domin ba da zato ake gane wannan lamari ba. A asibiti ake auna shi, a kotu ake tabbatar da shi.

Me likita yake aunawa?

Kowane baligi mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka. Yawan shekaru ba hujja ba ne, haka rashin iya karatu, haka kuma shawarar da ba ta yi wa 'ya'ya daɗi ba. Likita yakan ɗauki shawara guda, kamar sayar da gida, ya duba abu huɗu:

1. Ya fahimci abin da ake magana a kai?
2. Yana iya riƙe bayanin har ya gama tunani?
3. Yana iya auna riba da hasara, ya san inda zai zauna idan an sayar?
4. Yana iya bayyana zaɓinsa, ko da baki, ko da rubutu, ko da ishara?

Amsar takan bambanta daga shawara zuwa shawara. Hajiyar da ba za ta iya bin lissafin cinikin fili ba tana iya sanin kuɗin cefanenta sarai, ta kuma san wanda ta amince ya kula da ita. Lokaci ma yana da tasiri, domin masu ciwon mantuwa da yawa sun fi natsuwa da safe.

Ku nemi a yi tambayoyin da harshen da ya fi ji, Fulatanci ko Hausa. Wanda ya saba ƙirga kuɗi da dala zai iya kuskure idan an tambaye shi da Faransanci, alhali lissafinsa daidai yake. Tafinta kuma kada ya zama mai cin moriyar cinikin.

Ba kowane ruɗewa ne gigin tsufa ba

Ciwon mantuwa a hankali yake shigowa, cikin watanni ko shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Amma ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya da mai ita asibiti. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari, wasu magunguna irin su taramol, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, duk suna jawo ta, kuma ana warkewa. Mai shanyewar ɓarin jiki na iya kasa magana amma yana gane komai. Mai raunin ji kuma akan ɗauka ya ruɗe, alhali tambayar ce bai ji ba. Kada a ƙulla wani ciniki sai an yi magani an sake aunawa.

Abin da doka ta tanada

A arewacin Kamaru ana aiki da kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa. Kotu ce kaɗai ke iya hana baligi tafiyar da dukiyarsa. Ɗan uwa, miji ko mata na iya kai buƙatar babbar kotu, wadda ake kira Tribunal de Grande Instance. Alƙali zai nemi ra'ayin majalisar iyali, ya yi wa mutumin tambayoyi, sannan a naɗa mai kula da dukiyar. Idan raunin bai yi tsanani ba, ana iya naɗa masa mataimaki kawai, wanda ba a yin babban ciniki sai da shi. Idan ya warke, kotu na iya mayar masa da ikonsa.

Kyauta da wasiyya ba sa inganta sai da cikakken hankali. Dokar filaye ta 1974 kuma ta wajabta a yi cinikin fili mai takardar mallaka a gaban notar. Saboda haka dangwala yatsan marar lafiya a kan takarda, ko kwashe kuɗinsa na Orange Money don an san lambar sirrinsa, ba wakilci ba ne. Kotu na iya rushe irin wannan ciniki, a bar mai saye da magada cikin shari'a.

Fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan babi. Waliyyi amana yake riƙewa, dukiyar tana nan ta mai ita, kuma a kansa za a fara kashe ta, wajen ci da sutura da magani. Wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardar magada.

Abin da iyali za su yi

- Ku rubuta abin da kuka lura da shi, da ranakunsa, ku kai shi asibitin jiha na Garwa ko cibiyar lafiya mafi kusa, tare da duk magungunan da yake sha.
- Ku karɓi rahoton likita mai kwanan wata, wanda ya ambaci shawarar da aka auna shi a kanta.
- Idan akwai dukiya a Najeriya, kada ku ɗauka takardar kotun Garwa za ta yi aiki kai tsaye a bankin Yola. Ku tuntuɓi lauya a can.
- Mai riƙon dukiya ya rubuta shiga da fita, ya riƙa nuna wa sauran 'yan uwa, mata da maza.

Ku kuma iyayenmu, tun kuna da ƙarfi ku rubuta bashin da kuke bi da wanda ake binku, ku faɗi wanda kuka amince ya wakilce ku, a gaban shaidu da notar. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.