Ko Ka San Wa Ke Riƙe da Makullin Turken Sabis?

Ɗaga kai a Titin Beirut da ke Fagge, ko a Titin Faransa cikin Sabon Gari, za ka hangi dogon ƙarfen nan mai fenti ja da fari. Fararen allunan da ke maƙale a samansa su ne ke magana da wayarka. Galibi kashi uku ake jera su, kowane kashi na fuskantar sulusin unguwa. Wani abu mai kama da ganga da ke gefe kuwa ba ruwansa da wayarka: shi ke cilla saƙo zuwa wani turken. A ƙasa akwai batura da janareta mai shan man gas, don da za a dogara da wutar NEPA, da sabis ya riƙa ɗaukewa tare da ita.

Ƙarfin turke ɗaya rabawa ake yi tsakanin duk wayoyin da suka hau kansa. Shi ya sa da rana tsaka a Kantin Kwari za ka ga sabis a cike, amma mai saye da mai shago sun zuba wa waya ido, alat ya ƙi shigowa. Jama'a ce ta yi wa turken yawa.

To, idan hanya ta cushe, wa za a fara bari ya wuce? Ƙa'idojin intanet da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 sun hana kamfani toshe halastaccen shafi, ko rage masa gudu don fifita wani. Data ɗinka ce, kai ke zaɓar inda za ka ƙona ta.

Sai dai kamfanoni ƙa'idar ta ɗaure, hannun gwamnati a sake yake. Ranar 5 ga Yunin 2021 aka toshe Twitter a faɗin Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A Satumbar 2021 kuma NCC ta umarci a kashe turakun Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ke da abokin ciniki a Gusau ya koma ba direba saƙo. A lokacin turakun na nan tsaye, lafiyarsu ƙalau, takarda ce kawai ta rufe musu baki.