A kashe kafin a zubar: gargaɗi ga masu kiwon ƙananan ƙudaje

Duk mai kiwon ƙananan ƙudajen nan na 'ya'yan itace domin ciyar da kwaɗin ado, ko 'ya'yan hawainiya, ko tsaka, ko ƙananan kifi, ya saurara da kyau. Robar kiwon da ta kai wata guda, wadda abincin cikinta ya yi baƙi kuma ta rage fitar da ƙuda, tana nan da ranta. Wanda ya cire murfinta ya jefa ta kwandon shara ya sakar wa gidansa fitina da hannunsa, maƙwabta ma sai sun ɗanɗana.

Wannan kiwo ya fi ƙarfi a Amurka da Turai, inda ake ajiye kwaɗi masu launi na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu cikin akwatunan gilashi. Kwaɗin ba sa cin abin da ba ya motsi, ga shi bakinsu ɗan mitsitsi, sai aka koma ga ƙudaje iri biyu: Drosophila melanogaster da babban ɗan'uwansa Drosophila hydei. Na farkon shi ne wanda binciken gado da Thomas Hunt Morgan ya yi a kansa a Jami'ar Columbia ya samo masa kyautar Nobel a 1933, kuma har gobe ana kiwonsa a ɗakunan bincike, ciki har da na jami'o'in Jos da Ibadan. Ƙa'idar ɗakin bincike kuwa ita ce ba a zubar da kwalba da rai, sai an daskarar da ita ko an turara ta a zafin digiri 121. Mai kiwo a gida ba shi da hujjar yin sakaci da abin da masana ke kaffa-kaffa da shi.

Dubi abin da ke cikin tsohuwar roba. Akwai ƙwai da ido ba ya gani sosai, akwai tsutsa a ƙasan abincin, ga kwansunan da suka manne a jikin robar suna jiran ƙyanƙyashewa. Mace guda tana saka ƙwai ɗaruruwa, kuma a zafin digiri 25 kwana 10 kacal ƙwan melanogaster ke bukata ya zama cikakken ƙuda. Kwandon da ke da ɓawon ayaba ko ruɓaɓɓen tumatir ya ishe su kafa sabon gari.

Masu sayarwa sukan kwantar wa mutum da hankali cewa ai waɗannan ba sa tashi. Gaskiya ne, amma rashin tashin naƙasa ce ta gado wadda ba ta bayyana sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. Da zarar sun haɗu da ƙudajen waje, 'ya'yan da za a samu masu tashi ne. Akwai kuma irin da fukafukinsa ke ƙara girma idan tsutsar ta tashi cikin zafi mai tsanani. Wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ya san cewa bazararmu ba ta da sauƙi.

Mafi muni su ne 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan dangin kaska, masu cin gari da hatsi. Kamar ƙura mai tafiya suke a gefen murfi. Tsohuwar roba ce matattararsu, daga nan suke rarrafawa zuwa sababbin robobi su lalata kiwon, sannan su nufi buhun gari da abincin dabbobi. Suna sa ƙaiƙayi, suna tayar wa mai asma da ciwonsa. Ga fumfuna kuma, wadda ke tashi cikin iska da an buɗe murfi. Saboda haka kada a kankare ragowar a ba kaji da sunan gudun asara, kada a juye ta a kwata ko kan taki.

Maganin bai da tsada. A bar murfin a rufe, a saka robar cikin leda a ɗaure, a ajiye a firiza aƙalla kwana 2 cur, sannan a kai bola da ledar a ɗaure. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kada a dogara da firizar da ke narkewa da rana. A fita waje da robar, a huda murfin kaɗan, a ɗura tafasasshen ruwa har ya cika, a bar shi ya huce. Mai son sake amfani da roba ya wanke ta da ruwan zafi da sabulu bayan an kashe na ciki, murfi mai ƙyalle kuwa a yar da shi. Fesa maganin ƙwari a ɗakin kiwo ganganci ne, domin fatar kwaɗo tana tsotse guba, sai a kashe abin da ake kiwon ƙudan dominsa.

A rubuta ranar haɗa kowace roba a jikinta, a nisanta tsofaffi daga sababbi. Wadda ta cika mako 4 a fitar da ita yau, ko da tana sauran ƙuda a ciki.